NASIHA GA MAI SA JARI A WALDAR ARGON: YADDA AKE ZAƁEN TOCI DA KULAR RUWA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da baƙin ƙarfe, ya sanya ƙarfi da amfani a cikinsa domin mutane, ya kuma tausasa shi a hannun Annabi Dawuda. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karanta wannan takarda, mun san kun saba ganin alƙalaminmu a kan farashin masara da dawa da gero da waken suya, daga kasuwar Sabon Gari zuwa Giwa har Dawanau. Yau mun ajiye tiya da mudu, mun ɗauko maganar walda. Kada ku ce Alhaji ya bar layinsa. Kuɗin hatsi ne muka zuba a ciki, kuma kuɗin hatsi ne ya ƙone, shi ya sa muka ga wajibi ne mu faɗa muku abin da muka koya, domin wanda ya riga ka faɗawa rami shi ke gaya maka zurfinsa.

Fasali na farko: abin da ya haɗa ɗan hatsi da mai walda

Ku sani, tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911 aka kafa Sabon Gari, gari ne na masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Samaru kuwa tun 1922 ake binciken aikin gona a cikinta, kuma a 1962 wurin ya koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan irin masara mai suna SAMMAZ da dawa mai suna SAMSORG suka fito, kuma a nan ma'aikata ke ƙera samfurin injin sussuka da na ɓarza, maƙeran gari su gani su kwaikwaya. Watau dai hatsinmu da ƙarfensu tafiya guda suke yi.

A da, injin niƙa na baƙin ƙarfe ya ishe mu, in ya tsage a kai wa mai waldar lantarki ya ɗora sanda ya toshe. Yanzu masu sayen gari da yawa, musamman masu ƙulla garin kunu da na jarirai a leda, da masu yogot da fura da nono na roba, da masu matsar man gyaɗa, duk suna neman mazubi da tukunya da tanki na farin ƙarfe marar tsatsa, wanda ake kira sitenles. Wanda ke neman lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ya san masu dubawa ba su son abinci ya taɓa ƙarfe mai tsatsa. Sitenles mai kaurin takarda kuwa, in ka sa masa sandar walda ta kullum sai ta huda shi kamar rariya, ta bar ƙuraje da datti ke maƙalewa a ciki. Haka nan alminiyom, watau goran-ruwa, wanda ake yin gangar jikin injin babur da na famfon ban-ruwa na fadamar Galma da Kubanni. Waɗannan biyu su ne suka sa waldar argon ta samu kasuwa a wajenmu.

Fasali na biyu: mece ce waldar argon

Turawa na kiranta TIG. An ƙirƙiro ta a Amurka a 1941, a kamfanin ƙera jiragen sama na Northrop, a hannun wani ma'aikaci mai suna Russell Meredith, kuma da farko da iskar hiliyom ake yi. Yadda take shi ne, a bakin abin da mai walda ke riƙewa, wanda masu sana'a ke kira toci, akwai wani tsinke na ƙarfen tangistin. Wannan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3422, saboda haka wuta na tashi daga bakinsa ta narkar da aikin, shi kuwa yana nan. Iskar argon tana fitowa ta cikin wani ɗan kofin tangaran ta lulluɓe wurin, ta kore iskar duniya, domin kada narkakken ƙarfe ya ƙone ya yi baƙi. Mai walda na riƙe toci da hannu guda, ɗaya hannun yana ciyar da siririyar sanda. Aiki ne na natsuwa kamar rubutun allo, ba tartsatsi, ba kwasfa.

To, wannan wuta da ke narkar da ƙarfe tana gasa tocin kansa da wayarsa. Shi ya sa toci ya kasu biyu: wanda iska ke sanyaya shi, da wanda ruwa ke zagayawa cikinsa. Na biyun shi ke bukatar injin da ke tura ruwa ya kuma huce shi, wanda ake kira kula. A nan ne kuɗi ke shiga, a nan ne kuma ake kuskure.

Fasali na uku: yadda muka yi hasara

Akwai ɗan ƙanenmu da ya yi shekara 5 yana koyon walda a Kano. Da maigidansa ya sallame shi, ya dawo gida ya ce, "Baba, in na samu injin argon da rumfa a hanyar Basawa, ba zan rasa aiki ba." Muka yi shawara, bayan kaka muka fitar da masara buhu 40 muka sayar, muka ba shi bisa sharaɗin ƙiradi, jari namu, aiki nasa, riba a raba. Ya riga ya zaɓi inji mai amfiya 200. Saura toci da kula, sai muka ce mu raka shi, tunda mu ne muka iya ciniki.

A wani shago da ba za mu ambata ba, dillali ya dube mu ya ga babbar riga. Ya ce, "Alhaji, in za ka saya sayi babba, sau ɗaya ka huta." Ya fito da toci mai lamba 18, da wata tsohuwar kula kwance daga Amurka, mai nauyi kamar buhun gero. Yaron ya ɗan yi jim, ya ce, "Baba, kamar ya yi girma." Muka ce ka yi shiru, girma ai ba aibi ba ne. Muka taya, aka yi albarka, muka ƙara, aka sallama. Ba mu ce a kunna a gabanmu ba, mu da ba mu sayen buhu sai mun soka masa ƙarfe mun ga ƙwayar.

Rana ta farko ɗan koyo ya cusa kular a soket, sai hayaƙi. Ashe ta wutar bolt 115 ce, tamu kuwa 230. Aka kai wa mai naɗin koyil, aka sayi tiransifoma ƙarama. Sa'an nan aka cika ta da ruwan rijiya. Ta yi aiki watanni kaɗan. Ranar wata Talata cikin zafin bazara, yana tsakiyar ɗinke gangar injin ban-ruwa, sai tiyo ya fashe a hannunsa, tururi ya tashi, waya ta ƙone ƙurmus. Allah ya kiyaye yana sanye da safar hannu. Da aka buɗe, sai ga gansakuka da farin ƙasa-ƙasa sun toshe hanyar ruwa. Famfo yana ta ƙugi, ana zaton ruwa na tafiya, alhali kuwa ya tsaya. Mai injin ya ɗauke aikinsa ya kai wani wuri, rumfa ta yi mako 3 a rufe.

Muka koma wa mai shago da maganar aibi. Ya ce kwance ne, yadda ka gani haka ka saya. Malamanmu sun karantar da mu a babin ciniki cewa mai saye yana da zaɓin mayarwa in an ɓoye masa aibi, amma lambar bolt tana nan rubuce a jikin kular, mu ne ba mu karanta ba. Muka haƙura. Daga nan muka tafi wurin wani dattijon mai walda a Sabon Gari, da wani ma'aikacin ɗakin ƙira a Samaru, muka zauna gabansu kamar almajirai. Abin da ke tafe shi ne abin da muka haddace.

Fasali na huɗu: fara auna aikinka

Dattijon ya ce mana, "Alhaji, kai da kake awo, ka taɓa sayen buhu kafin ka san yawan hatsin?" Haka toci yake. Ƙa'idar da suke bi ita ce, kowace milimita guda ta kaurin ƙarfe tana cin kamar amfiya 40. Sitenles yana cin ƙasa da haka kaɗan, alminiyom yana cin sama da haka, domin yana shanye zafi ya watsa shi cikin jikinsa da sauri.

Ke nan mai ɗinkin mazubin injin niƙa ko tukunyar yogot, mai kaurin milimita 1 da rabi zuwa 2, aikinsa bai wuce amfiya 50 zuwa 80 ba. Wannan ba ya bukatar ruwa ko kaɗan. Amma mai gyaran gangar inji ta alminiyom mai kaurin milimita 5 ko 6, yana kaiwa amfiya 200 ko fiye, kuma yakan daɗe a kai. Shi ne mai bukatar kula.

Akwai kuma tambaya ta biyu: injinka yana da wutar AC, ko DC kaɗai gare shi? Alminiyom yana narkewa a digiri 660, amma yana da wata fata a bayansa da ba ta narkewa sai zafi ya haura 2000. Wutar AC ce ke fasa wannan fata. In injinka DC ne kawai, to ba na alminiyom ba ne, kuma galibin aikinka zai zama na sitenles da baƙin ƙarfe marar kauri. Mai irin wannan inji in ya sayi kula, sau da yawa ya sayi sirdi ne alhali jaki gare shi.

Ku lura kuma, kula ba ta sanyaya injin walda, ba ta kuma sanyaya ƙarfen da ake ɗinkewa. Toci da wayarsa kaɗai take yi wa aiki. Mun ji masu cewa in an sa kula inji zai daina yanke wuta in ya yi zafi. Ba haka ba ne.

Fasali na biyar: lambobin toci

Toci biyar ne suka fi yawo a kasuwa, kuma sau da yawa za ku ga harufan WP kafin lambar.

Lamba 9, na iska ne, ƙarami, amfiya 125.
Lamba 17, na iska, matsakaici, amfiya 150.
Lamba 26, na iska, babba mai nauyi, amfiya 200.
Lamba 20, na ruwa, ƙarami kamar lamba 9, amma yana ɗaukar amfiya 250.
Lamba 18, na ruwa, babba, amfiya 350.

Ku dubi abin mamaki: lamba 20 ya fi lamba 26 ƙanƙanta da sauƙi a hannu, amma ya fi shi ɗaukar wuta, albarkacin ruwa. Mu kuwa inji mai amfiya 200 muka ɗaura wa toci mai 350. Amfiya 150 muka biya kuɗinta ba za mu taɓa cin moriyarta ba, ga nauyi yana gajiyar da wuyan hannun yaro a kan aiki siriri.

Waɗannan lambobi na toci mai iska ba na aiki ba tsayawa ba ne. Ana lissafi bisa minti 10. In an rubuta kashi 60 cikin 100, ma'anarsa ka yi walda minti 6, ka huta minti 4. Wasu masu araha kashi 35 aka rubuta musu, watau minti 3 da rabi kacal. Kuma a wutar AC ƙarfin yakan ragu da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ke nan lamba 26 mai 200 ya koma wajen 150 a kan alminiyom. Toci mai ruwa kuwa, muddin ruwa na gudana yadda ya kamata, yana aiki minti 10 cikin 10.

Sai maganar kayan baki, watau kofin tangaran da mariƙin tsinke da hular baya. Lamba 9 da 20 kayansu guda ne. Lamba 17 da 18 da 26 su ma kayansu guda ne. Wannan magana ce ta kasuwa: kafin ka zaɓi lamba, zagaya shagunan Sabon Gari da Kaduna da Kano ka ga wane iri ne ake samu a saukake. Kofin tangaran yana fashewa kamar ƙwai. Toci mai kyau da ba a samun kofinsa sai an aika Legas, hutun dole ne yake jiranka.

Duba kuma bakin da ake cusawa a jikin inji. Iri biyu ne suka fi yawa, ƙarami mai lamba 10-25 da babba mai lamba 35-50, kuma wani inji yana fitar da argon ta cikin wannan baki, wani ta tiyo dabam. Haka wayar makunni, yawan haƙoranta ya bambanta daga inji zuwa inji. Mafi sauƙi, ka ɗauki tsohon tocinka ko injin kansa ka tafi da shi shago. Tsawon waya kuwa galibi kamar mita 4 ne ko 8. Mai aiki a kan tebur, 4 ta ishe shi. Mai zagaya tanki, ya nemi 8. In an samu mai wuya mai lanƙwasuwa, yana taimako wajen shiga lungu, sai dai a riƙa lanƙwasa shi a hankali, kada a maishe shi abin wasa.

Fasali na shida: yadda ruwa ke tafiya

Toci mai ruwa igiya uku gare shi. Ɗaya ta argon, ɗaya ta shigar ruwa mai sanyi, ta ukun ita ce ta komawar ruwa, kuma a cikinta ne wayar jan ƙarfe mai ɗauke da wuta take kwance. Wannan waya siririya ce ƙwarai, ba za ta iya ɗaukar amfiya 200 ita kaɗai ba, ruwan da ke wanke ta ne ke hana ta ƙonewa. In ruwa ya tsaya, ba ta ɗaukar lokaci sai ta narke tiyo. Abin da ya same mu ke nan.

Don haka ruwa ya fara zuwa kan toci, sa'an nan ya dawo ta wayar wuta. Galibi shuɗin baki ne na fita daga kula, ja na komowa. Kada a juya su.

Abin da toci irin lamba 20 ke so shi ne ruwa kamar lita 1 a minti guda, da matsin da bai wuce wajen ba 3 da rabi ba, watau fam 50 a wani awon. Ƙasa da haka ba ya isa, sama da haka yana fasa tiyo. Ga gwajin da ko ɗan hatsi zai iya: a kashe injin walda, a kunna kula, a cire tiyon komowa a sa shi cikin gorar ruwa mai santilita 75. In ta cika cikin daƙiƙa 45 ko ƙasa, lafiya. In ta wuce minti tana ɗiga, akwai magana. A yi wannan gwaji a shago kafin a biya, da tocin a haɗe, kuma a riƙa yinsa kowane mako a rumfa.

Fasali na bakwai: abin dubawa a jikin kula

Na ɗaya, allon da ke jikinta. Wutarmu bolt 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa. Ta Amurka 115 ce ko 120, mai bugu 60. Ko an sa tiransifoma an gyara bolt, motar da aka ƙera wa bugu 60 tana juyawa kashi biyar cikin shida ne a wutarmu, ruwa ya ragu, fanka ta ragu.

Na biyu, famfo. Ramin da ruwa ke bi cikin toci ƙanƙane ne kamar hancin allura babba. Famfo mai watsa ruwa da yawa amma ba matsi, irin na kwamin kifi, ba zai iya tura shi ba. A nemi mai matsi, a kuma tambaya ko ana samun kayan gyaransa.

Na uku, lagireto da fanka. Kular da aka saba haɗawa da inji mai amfiya 200 zuwa 250 tana fitar da zafi wajen kilowat 1, tankinta kuma lita 5 zuwa 10. Amma lagireto ba ya iya mai da ruwa ya fi iskar ɗaki sanyi. A watan Maris da Afrilu, ƙarƙashin kwanon rufi a Basawa, iskar da kanta zafi gare ta, saboda haka kada a matse kula a lungu, a ba ta sarari a inuwa. Da hunturu kuwa ƙura ke toshe haƙarƙarin lagireto, a riƙa hure shi. Wanda rumfarsa ke kusa da injin niƙa, garin da ke tashi ya fi ƙurar hunturu ɓarna.

Na huɗu, mai gargaɗi. Wasu kuloli suna da ƙararrawa ko makunnin da ke yanke walda in ruwa ya tsaya. Wannan ɗan abu ya fi kuɗinsa. In babu, a sa ɗan tiyo mai haske a hanyar komowa inda ido zai riƙa ganin motsin ruwa.

Na biyar, hanyar wuta. Kula da injin walda su sha daga tushe guda, makunni guda ya tashe su. Akwai masu sa inji a janareto, su bar kula a wutar NEPA. Ranar da aka ɗauke wuta ana cikin aiki, famfo ya tsaya, walda na ci gaba, waya ta tafi. Kuma a lissafa janareto da kyau. Inji a amfiya 200 yana jan sama da kilowat 4, ga kula, ga injin gurza. Ɗan ƙaramin janareton kallon ƙwallo ba ya cikin wannan magana, a nemi mai kVA 7 zuwa sama, mai tsayayyar wuta.

Fasali na takwas: wane ruwa

Ba ruwan rijiya ba, ba na burtsatse ba, ba na leda ba. Dukkansu na sha ne, amma akwai gishirin ƙasa a cikinsu, wanda zafi ke mayarwa ɓawo irin na cikin butar shayi. Kuma ruwa mai gishiri yana ɗaukar lantarki, sai ya saci tartsatsin da ke tayar da wutar walda, inji ya riƙa gardama. Abin da ake so shi ne tataccen ruwa na tururi, ko ruwan kula na musamman da masu kayan walda ke sayarwa.

Tanbihi: tataccen ruwa ana samunsa wurin masu cajin batir, amma ku yi hattara, abu biyu ake kira ruwan batir, akwai tatacce, akwai mai asid. Mai asid zai cinye famfo da toci, ya ƙone hannu. A tambaya da baki, a ga kwalbar a rufe.

Kada a zuba koren ruwan lagireton mota. Akan sa masa magungunan toshe yoyo, su kuwa ba su san bambancin yoyo da ramin toci ba. Mu a Zariya ruwa ba ya daskarewa, ba mu bukatar maganin ƙanƙara. Abokin gabarmu gansakuka ce, tana son haske da ɗumi. A rufe tanki, kada rana ta riƙa dukansa, a sauya ruwa duk 'yan watanni, a wanke matata.

Fasali na tara: kular gida

Wasu sun tambaye mu ko ba za a iya haɗa ta da jarka da famfo ba. Ana iyawa, kuma ma'aikacin Samaru ya yi mana lissafin. A ƙaddara toci yana zuba zafin kilowat 1 cikin ruwa. Jarka mai lita 20, ba lagireto, za ta ƙara digiri 7 duk minti 10, kafin awa guda ta ƙara sama da 40, hannu ba ya shiga. Duro mai lita 200 kuwa digiri 4 kawai zai ƙara a awa. Ke nan mai aikin jefi-jefi, duro rufaffe da famfo mai matsi zai fisshe shi, sai dai cika duro da tataccen ruwa shi ma kuɗi ne. Mai aikin yini, ya sayi mai lagireto, ko ya haɗa da ƙaramin lagireto mai tsabta da fanka. Kowane aka yi, gwajin gora yana nan, ba a tsallake shi.

Fasali na goma: argon da lafiyar yaro

Kada kuɗin toci ya mantar da ku kuɗin iska, domin ita ce cefanen kullum. Argon tsantsa ake so, ba wadda aka gauraya da wata iska ta wani irin walda ba. Ana sakinta lita 6 zuwa 10 a minti. Babbar tukunya mai lita 50, in an cika ta zuwa ba 200, tana ɗauke da kamar lita 10,000, watau wajen awa 20 na walda a lita 8. A duba agogon matsi a gaban mai sayarwa, kamar yadda muke ɗora buhu a sikeli. A ɗaure tukunya da sarƙa a tsaye. A shafa ruwan sabulu a mahaɗa don gano yoyo.

Hasken waldar argon yana ƙona fata da ido fiye da yadda ake zato, a sa hular fuska mai baƙin gilashi da riga mai dogon hannu. Hayaƙin sitenles yana cutar da huhu, a bar iska ta ratsa rumfa, amma kada fanka ta busa kan aikin kai tsaye, za ta kore argon. Tsinke mai jan kai yana da ɗan guba a garinsa in ana wasa shi, wanda ya samu mai shuɗin kai ko ruwan zinariya ko ruwan toka ya fi. Mafi haɗari, argon ta fi iska nauyi, ba ta da wari. Cikin tanki tana taruwa a ƙasa ta kore numfashi. Kada a bar yaro ya shiga tanki shi kaɗai ba mai tsaronsa a waje.

Rufewa

Abin da muka yi daga baya, mun sake fitar da hatsi, wannan karon muka bar yaron ya yi magana. Ya zaɓi lamba 17 mai iska domin aikin sitenles na kullum, da lamba 20 da kula sabuwa ta bolt 230 mai ƙararrawa domin ranakun alminiyom. Muka gwada da gora a gaban mai shago, muka sa ya rubuta a rasit cewa in ta ƙi aiki cikin mako za a mayar. Kwana biyar cikin mako kula tana hutawa. Da mun san haka tun farko, da mun fara da lamba 17 kaɗai, mu jira ribar sitenles ta sayi sauran.

Ba mu sa farashi a nan ba, domin kaya ne masu bin dala, kafin tawada ta bushe sun motsa. Ku taya a shago uku kafin ku sallama. Ku kuma masu sayarwa, ku ji tsoron Allah ku faɗa wa mai saye bolt ɗin kwance, domin tauye mudu ba a hatsi kaɗai yake ba. Ku kuma iyaye masu jari, in yaron da ya yi shekara 5 a sana'a ya ce abu ya yi girma, ku saurare shi.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu koma kan farashin sabuwar masara da maganar ajiya. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare mu daga hasara, ya ba yaranmu sana'a mai ɗorewa. Amin. Haza wassalam.